IN KUNNE YA JI, JIRGI YA TSIRA: DAGA ƘASAR KAGARA ZUWA BAKIN TEKU

Mutumin Kagara ba ɗan ruwa ba ne. Ƙasarmu ta tudu ce, ta duwatsu da gonakin dawa da masara da doya, kuma har 'yan shekarun baya babban ruwan da yawancinmu suka sani shi ne rafin da akan tsallake da ƙafa in rani ya yi. Amma yau ruwa ya biyo mu har gida. Tun da aka buɗe madatsar Shiroro cikin 1990, kana aka kammala ta Zungeru mai ƙarfin megawat 700 cikin 2023, kogin Kaduna ya kumbura ya zama tafkuna, ya shanye gonaki da hanyoyin ƙafa a ƙananan hukumomin Rafi da Shiroro da Wushishi. Manomin da bai taɓa riƙe filafili ba, ga shi yau ya sayar da shanu ya sayi kwalekwale da inji, yana fiton mutane zuwa kasuwa.

Wannan shi ya sa da na ji wani ɗan kasuwa na ƙasarmu zai aika da jirginsa na faiba ta ruwa zuwa Burutu, inda ya samo masa aikin haya, sai na roƙi a ba ni wurin zama. Nufina in ga da idona yadda waɗanda suka gaji ruwa suke tafiyar da inji a doguwar tafiya, in kawo wa waɗanda ba su gada ba. Abin da na koyo cikin kwana biyar ɗin nan ba shi da yawa, amma yana iya tserar da rai: inji ba ya cika mutuwa ba tare da ya yi magana ba. Wanda ya ji maganarsa ya tsaya, shi ke isa gida.

TSOHUWAR HANYA

Hanyar da muka bi ba sabuwa ba ce. Cikin 1830 Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, sun tashi daga Busa a kwalekwale suka bi Kwara har suka faɗa teku. Lokacin da Gwamna Lugga ya mai da hedkwatar Jihar Arewa Zungeru cikin 1902, ta ruwan nan ake kawo masa kaya: daga Burutu zuwa Lakwaja, daga nan zuwa Muregi, sa'an nan a hau kogin Kaduna zuwa Barijuko, inda ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ke ƙarasa da su. Bayan haka aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro ta Minna, ta isa Kano cikin 1911. Cikin 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, kuma cikin Janairun 2019 aka yi bikin buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro.

Mun bar Kagara da mota ta Tegina da Zungeru da Bida, muka tarad da jirgin a Muregi, inda Kaduna ke shiga Kwara, daura da Fategi. Garin nan shi ne cibiyar Kede, watau Nufawan ruwa, waɗanda sarkinsu ake kira Kuta, kuma tun zamanin da su ne masu dakon kaya a wannan kogi. Matuƙinmu ma tsoho ne daga cikinsu. Mu biyar ne: shi, da yaronsa, da makanike, da ƙanen mai jirgi, da ni. Watan Oktoba ne, kogi ya cika ya batse. A bayan jirgin an ɗaura babban inji irin na zamani mai tukunyar baƙin mai daban kamar ta mota, mai ƙararrawa da fitilun gargaɗi. A gefensa kuma ga ƙarami mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake gauraya wa mai da fetur, don ɓacin rana.

Tun kafin asuba tsohon ya sa aka baje kaya a kan tabarma yana dubawa ɗaya ɗaya: filogi sababbi, robar famfon ruwa guda biyu, farfela ta canji, matatar fetur, igiyar tayar da inji, sifana da filaya, anga da doguwar igiyarta, filafilai, tocila, da rigar ruwa ta kowane mutum. Game da fetur kuwa, ƙa'idarsa ita ce ta masu jirgi ko'ina a duniya: a kasa mai kashi uku, biyu na tafiya, ɗaya kuwa ba a taɓa shi sai ta ɓaci. Mai karatu ya sani, inji mai ƙarfin doki 40 irin na gauraye yana iya shan kusan lita 20 cikin awa guda in an ba shi wuta duka, alhali kuwa in an rage masa kaɗan sai shansa ya ragu ƙwarai, gudu bai ragu da yawa ba.

ƘARARRAWA TA FARKO: ZAFI

Mun wuce Baro da kaɗan, rana ta take, sai muka ji ƙara mai tsini daga wajen matuƙi, jar fitila ta kama, inji kuma ya rage gudu da kansa ba wanda ya taɓa shi. Ni dai gabana ya faɗi. Tsohon kuwa ko gezau. Ya mai da giya tsakiya, ya waiga ya dubi bayan inji, ya sa yaronsa ya jefa anga, sai da jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa kana ya kashe.

Abin da ya waiga ya duba shi ne siririn ruwan nan da ke tsartuwa daga jikin inji kamar fitsari. Injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan kogi yake zuƙa ta wasu 'yan ramuka da ke ƙafarsa ƙarƙashin ruwa, wata roba mai fukafukai ta tura shi sama ya zagaya ya sanyaya inji, kana ya fita. Wannan siririn ruwa shi ne shaidar cewa famfo na aiki. Namu ya koma ɗigo. Da aka ɗago ƙafar injin sai ga baƙar leda ta manne a kan ramukan, tare da saiwoyin irin kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda ta shigo Nijeriya ta wajen Badagry cikin 1984, ta kuma bazu a kogunanmu. Aka cire, aka jira inji ya huce, aka tayar, ruwa ya tsarto da ƙarfi, ƙararrawa ta yi shiru. Duka aikin bai kai rubu'in awa ba.

Makanikenmu ya yi mini bayani a kan abubuwa uku da ke rikita sababbin matuƙa a nan. Na farko, rage gudun da inji ke yi da kansa ba lalacewa ba ce. Maƙera ne suka shirya shi haka don ya kāre kansa, ya kuma bar wa matuƙi ɗan ƙarfin da zai kai gaɓa. Wanda ya yi ta matsa masa wuta a wannan hali, shi zai ƙone shi. Na biyu, wani lokaci siririn ruwan kan ɗauke alhali famfo lafiya lau, don kuwa yashi ne ko laka ta zanzaro ta toshe ɗan ramin fitarsa. Siririyar waya ta isa ta buɗe shi. Na uku, wanda ya fi haɗari, ruwan na iya tsartuwa sosai amma inji na zafi, in ɗan marfin nan da ke buɗe wa ruwa hanya sa'ad da inji ya ɗumama ya maƙale. Don haka ganin ruwa kaɗai bai isa a ƙaryata ƙararrawa ba. Ya kuma gargaɗe ni cewa kada a kuskura a tayar da inji a tudu ko da na minti ɗaya ne, domin robar famfon ba ta jure bushewa. Nan da nan take ƙonewa.

ƘARARRAWA TA BIYU: RUWA A CIKIN FETUR

Mun kwana a Lakwaja, a gindin dutsen Patti, inda Binuwai ke saduwa da Kwara, kuma inda hedkwatar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, take. Kashegari muka wuce ƙarƙashin gadar Itobe. Can gaba, ganin manmu ya yi ƙasa, ƙanen mai jirgi ya sayo jarka biyu a wata kwata daga hannun 'yan bumburutu, ya juye a tanki kafin tsohon ya dawo daga salla. Ba mu yi nisa ba inji ya fara tari, yana fizga yana saki. Da aka mai da giya tsakiya sai ƙararrawa ta kama, amma ba irin ta jiya mai ɗorewa ba. Wannan tana yi tana tsayawa.

A irin injinmu wannan ita ce alamar ruwa ya taru a kofin matatar fetur. Makanike ya kwance kofin ya juye a cikin farar kwalba, ya ɗaga ta sama muka duba: fetur a bisa, ruwa ya kwanta a ƙasa kamar kauri yatsa biyu, domin ruwa ya fi fetur nauyi. Sai da muka zuƙe tankin duka, muka bar man ya kwanta a jarka, muka tsiyaye na saman. Awa uku ta tafi a banza. Ba lalle ne mai sayarwa ya yi ha'inci ba, don jarkar da ta kwana a ruwan sama da sakakken murfi ma takan sha ruwa. Amma da an zuba kofi ɗaya a kwalba an duba tun a kwata, da ba a kai ga haka ba.

A nan ya kamata a lura da cewa kukan ƙararrawa ba iri ɗaya ba ne a kowane inji. Yadda Yamaha ke faɗin zafi ko ƙarancin mai ba lalle ne ya zama yadda Suzuki ko Mercury ko Tohatsu ke faɗinsa ba, kuma ko a gida ɗaya sabon samfuri na iya bambanta da tsoho. Ma'anar kowane kuka tana cikin ɗan littafin da ke zuwa da inji. Abin takaici, yawancin injunan da ke zuwa hannun mutanenmu na hannu ne, littafin ya daɗe da ɓata, in ma yana nan da Turanci yake.

ƘARARRAWA TA UKU: WADDA TA YI ƘARYA

Rana ta uku, tsakanin Ida da Anaca, fitilar baƙin mai ta kama, ƙararrawa ta ɗauka. Wannan ita ce wadda tsohon ya fi tsoro, don inji na iya jure ɗan zafi na ɗan lokaci, amma in mai ya daina zagayawa, cikin ƙanƙanen lokaci ƙarfe zai ci ƙarfe. Nan take ya kashe. Aka daidaita inji tsaye, aka jira mai ya sauka, aka zaro sandar awo: mai na nan daidai kan layi, launinsa lafiya, bai yi fari irin na madara ba balle a ce ruwa ya shiga. Aka duba ko'ina, ba yoyo. Aka tayar, ƙararrawa ta sāke kamawa.

La'asar ta yi, muna so mu kai Anaca kafin duhu. Sai ƙanen mai jirgi ya kawo shawarar da na tabbata an sha kawo irinta a kowace kwata ta ƙasar nan: tun da mai na nan, ai ƙararrawar ce ta haukace, a cire wayarta mu wuce. Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗana, in mai gadi ya yi ihu da dare, ba bakinsa ake toshewa ba, fita ake yi a duba." Ya ce cikar mai a tukunya ba ita ce shaidar yana zagayawa ba, don famfonsa na iya mutuwa tukunya na cike. Ya sa aka tayar da ƙaramin inji muka lallaɓa gaɓa.

A can makanike ya bi wayar da ta fito daga ma'aunin ƙarfin mai da yatsa, sannu a hankali, har ya iske inda ta gogu da ƙarfe, robarta ta cinye, tana taɓa jikin inji. Taɓawar nan ita ke sa fitila ta ɗauka mai ya ƙare. Ya naɗe wurin, ya ɗaure wayar nesa da ƙarfen, aka tayar, shiru. Ashe dai ƙarya ƙararrawar ta yi. Amma mai karatu ya lura, ba mu san ƙarya ba ce sai bayan da muka gano dalilinta. Da mun yanke waya, da mun shiga sauran tafiyar da kurman inji, wanda ko mai ya ƙare da gaske ba zai iya faɗa ba. Mun kwana a wani ƙauyen masunta a wannan dare, domin tsohon ba ya tafiyar dare ko da nawa za a ba shi.

RUWAN GISHIRI

Bayan mun wuce gadojin Anaca, tsohuwar ta 1965 da sabuwar da aka buɗe cikin 2023, muka wuce Abo, sai kogi ya rabu biyu: reshen Nun ya nufi kudu, na Forcados ya karkata yamma. Muka bi na yamma ta Patani da Bomadi. A nan tsohon ya ɗauki wani ɗan ƙasar ya zauna a goshin jirgi yana nuna hanya, ya ce sanin Kwara daban, sanin waɗannan rassa daban, kuma ba kunya ba ce babba ya yi tambaya.

Kusa da Burutu ruwa ya sāke hali. Sau biyu a yini yake cika, sau biyu yake janyewa, saboda tasirin teku, har inda jirgi ya wuce da safe ya zama taɓo da azahar. Da muka leƙa bakin kogin wajen Forcados sai muka gamu da raƙuman ruwa. Duk sa'ad da ɗaya ya ɗaga bayan jirgi, farfela takan fito sarari, inji ya yi kururuwa, ramukan shan ruwa su zuƙi iska. Ƙararrawar zafi ta kama karo na biyu. Tsohon ya sauke ƙafar inji ƙasa sosai, ya mai da mu da kayan nauyi baya, ya rage wuta, ya juyo da mu cikin kogi. Wannan karon ba leda. Da aka kwance ƙafar injin a Burutu sai aka ga yashin Kwara na kwana biyar ya cinye fukafukan robar famfo, biyu ma sun karye. Sai da makanike ya nemo gutsattsarin ya ciro, don kada su toshe hanyar ruwa, kana ya sa sabuwa.

Masu jirgin bakin teku sun ƙara mana da nasu. Gishiri yana cin inji ta ciki, don haka sukan zagaya masa ruwan daɗi bayan aiki. Akwai kuma wasu 'yan ƙarafa da ke manne a ƙafar inji, waɗanda aka yi su don gishiri ya ci su maimakon ya ci injin. Ba a shafa musu fenti, in sun cinye rabi sai a sāke.

INJIN DA BA SHI DA ƘARARRAWA

Wani zai ce, to, mu da injunanmu ƙanana ne na gauraye, da yawansu ba fitila ba ƙararrawa, ina ruwanmu da wannan labari? Amsa ita ce, su ma suna magana, sai dai kunnen matuƙi da idonsa da hancinsa su ne ƙararrawar.

In siririn ruwa ya raunana ko ya koma tururi, ko aka ji warin fenti na ƙonewa, zafi ne, a kashe. In inji na mutuwa bayan 'yar tafiya, kuma robar nan da ake matsawa a tiyon fetur ta shafe ta manne, to, tanki ne ba ya shan iska. A sassauta ɗan murfin iskarsa. In kuka ya ƙaru amma jirgi ba ya gaba, ko dai ciyawa ta naɗe farfela, ko robar tsakiyarta ta saki. In aka kwance filogi aka ga bakinsa baƙi ƙirin yana maiƙo, mai ya yi yawa ko filogin ya gaji. In fari fat ne, inji na zafi ko fetur bai ishe shi ba. Mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi. In man giyar ƙafa ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, kuma sau da yawa zaren kamun kifi ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke roba. Game da gauraye kuwa, yawancin irin waɗannan injuna kashi ɗaya na mai suke so cikin hamsin na fetur, watau rabin lita cikin lita 25, amma a tabbatar da abin da maƙera suka rubuta, kuma a yi amfani da man da aka yi domin injin ruwa, ba na mota ba. Har ila yau, igiyar nan da ke kashe inji in matuƙi ya faɗa ruwa, a hannu ko a ƙugu ake ɗaura ta, ba a naɗe ta a jikin inji.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Jihar Neja da maƙwabtanta sun sha kuka a kan ruwa. Cikin Mayun 2021 jirgin da ya tashi daga Lokon Minna zuwa Wara ta Jihar Kebbi ya nutse da mutum fiye da 150 a ciki. Cikin Yunin 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a yankin Fategi suna dawowa daga biki. Cikin Oktoban 2024 wani jirgi ɗauke da mutum kusan 300, yawancinsu mata da yara masu zuwa Maulidi, ya kife da dare kusa da Gbajibo ta ƙasar Mokwa. Abubuwan da aka fi ambata a irin waɗannan haɗura su ne lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da tsufan jirgi, da kututturan itace da ke ɓoye a ruwa. Amma duk wanda ya san ruwa ya san abin da ke biyo baya in inji ya mutu a tsakiyar kogi da jirgi cike: ba tuƙi, ruwa ya juya jirgi ya ba shi gefe, fasinjoji su ruɗe su koma ɓangare ɗaya.

Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare da wuce kima wajen lodi, ta kuma wajabta rigar ruwa. Hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun lantarki, wadda hedkwatarta ke Minna, ta raba rigunan ruwa a garuruwa da dama. Wannan abin yabo ne, amma riga tana aiki ne bayan an faɗa ruwa. Muna kira ga waɗannan hukumomi, da Gwamnatin Jihar Neja, da masarautun Kagara da Minna da Bida da Borgu, su haɗa kai da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu jirgi, a riƙa koya wa sababbin matuƙa sanin inji kafin a bar su su ɗauki mutane. A fassara alamomin gargaɗin injunan da aka fi amfani da su cikin Hausa da Nufanci da Gwaranci, da boko da ajami, a manna a kowace kwata. A kuma horar da samarin ƙauyukan bakin tafki aikin makanikancin inji, don kada mutum ya ci gaba da aiki da inji mai ciwo saboda mai gyara na nesa.

Mu fasinjoji ma da namu laifin. Sau nawa matuƙi ya tsaya duba inji muka tasa shi da surutu, kasuwa za ta watse, rana za ta faɗi? Ranar da muka rabu a Burutu na tambayi tsohon asirin daɗewarsa a kan ruwa ba tare da ya taɓa rasa fasinja ba. Ya ce, "Malam, tsari na Allah ne. Amma ni ban taɓa yin gardama da inji ba, ban kuma taɓa jin kunyar makara ba."

Allah ya kiyaye matafiya na ruwa da na tudu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.